Rahoton Kwamitin Daɓen Farfajiyar Masallacin Unguwarmu, Tahoua

Assalamu alaikum. Malam liman, dattawanmu, iyayenmu mata da 'yan'uwa, na nan Tahoua da waɗanda ke ci-rani suka aiko da gudummawarsu: aikin daɓen farfajiyar masallaci ya kammala, alhamdu lillahi. Kun damƙa mana amana, ga bayanin yadda muka yi da ita, har da inda muka yi kuskure.

Kowa ya san halin da farfajiyar take ciki a da. Da damina ruwa ya kwanta, a rasa inda za a shimfiɗa tabarma ranar Juma'a. Da hunturu kuma ƙura ta bi sahu har cikin masallaci. Filin da muka auna mita 15 ne a tsawo, 12 a faɗi, wato murabba'in mita 180.

Gardamar farko a kan kauri aka yi ta. Magina suna auna kankare da kubik, wato cikin akwati mai mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi. Idan aka baje kubik ɗaya da kaurin santimita 10, zai rufe murabba'in mita 10. Da kaurin santimita 8 zai rufe 12 da rabi, da santimita 5 kuma ya kai 20. Hanyar lissafin ba wuya: a raba 100 da adadin santimitar kaurin, abin da ya fito shi ne filin da kubik ɗaya zai ci. Kuɗin da muka tara sun isa kubik 14.4, daidai da fili 180 a kan santimita 8. Sai wasu daga cikinmu suka ce a rage zuwa santimita 5, don kayan nan su rufe murabba'in mita 288, a haɗa har da wurin alwala da bakin ƙofa. A takarda shawarar ta yi kyau ƙwarai. Maginin ya ƙi, ya ce siririn daɓe a zafin yankinmu na Adar tsagewa zai yi ya ɓaɓɓake, kuma babura na shiga farfajiyar. Mun bi maganarsa, har yau ba mu yi da-na-sani ba.

An yi kwaɓin da buhu 6 na siminti a kowane kubik, buhu mai kilo 50, tare da yashi kusan lita 400 da tsakuwa kusan lita 800. Wani dattijo ya tsayar da mu a nan, ya ce yaya 400 da 800 har da siminti za su koma kubik ɗaya, wato lita 1,000? Tambayar tana kan hanya. Amsar ita ce yashi yana shiga tsakanin tsakuwa ya cike gurbi, siminti da ruwa kuma su shige tsakanin yashi. Da wannan lissafi buhu 87 muke bukata, muka sayi 90 na simintin Malbaza.

Ga inda muka yi tuntuɓe. Kafin kankare sai an cike ƙasa da burji. Muka lissafa santimita 15 a kan fili 180, ya ba mu kubik 27, muka sa aka kawo lodi uku. Mun ma hau motar da kanmu mun auna akwatinta, mita 4 da rabi a kan 2 a kan 1, kubik 9 cif, don kada a tauye mu. Abin da ya shige mana duhu shi ne burjin da ke cikin mota a sake yake. Da aka jiƙa shi aka daddage, sai ya zauna. Ɓangaren gabas, kusan murabba'in mita 60, ya yi ƙasa har santimita 3. Ma'aikata na tsaye, rana na yi, muka ce a zuba kawai, kankare ya cike. Wannan shawarar kwamiti ce, ba ta magini ba, kuma mun ɗauki laifinta. Santimita 3, abin da bai wuce faɗin yatsu biyu ba, ya ci kubik 1.8, wato buhu kusan 11, bayan ƙarin yashi da tsakuwa. Da mun haƙura kwana ɗaya mun ƙaro burji, da kuɗin ba su kai ko kusa ba. Abin ya yi mana ciwo, domin mun san akwai matan da suka kawo dala-dala daga cinikin ƙosai da fura.

A ƙarshe an zuba kubik 16.2, siminti buhu 98. Buhu 8 da suka ƙaru a kan 90 wani ɗan unguwa ne ya biya, ya roƙi kada a ambaci sunansa. Allah ya saka masa da alheri.

An yanka daɓen gida-gida don zafi ya sami wurin numfashi, an kuma karkata shi kaɗan zuwa magudana. Samarin unguwa sun shayar da shi safe da yamma har kwana 7, suka rufe shi da tsofaffin buhuna jiƙaƙƙu. Ba wanda ya karɓi ko dala.

Rasidai duka suna hannun ma'aji, za a karanta lissafin kuɗin bayan sallar Juma'a, kuma duk mai son dubawa ya zo ya duba. Saura wurin alwala, murabba'in mita 24. A kan santimita 8 zai ci kubik kusan 2, buhu 12, kuma wannan karon za a daddage burjin a sake aunawa da igiya kafin a buɗe buhun farko.