Takardar gyara tana Amurka, motar tana Kano

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan sam min fili in yi magana kan motocin da muke shiga, musamman 'yan Kwatano da tokumbo, domin akwai abin da ya tsaya min a rai tun watan jiya.

Wani ƙanena ne da ke ɗan taɓa harkar kwamfuta ya karɓi lambar casis ɗin motata, wato haruffa da lambobi guda 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ya saka a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, kyauta ne ko sisi ba a biya, sai ga shi ya fito ɓaro-ɓaro wai motar tana cikin waɗanda kamfani ya ce a dawo da su a canza musu eyabag kuma har yau ba a canza ba. Shekara huɗu ina ɗibar yara zuwa makaranta da islamiyya a cikinta. Wallahi ranar ko abincin kirki ban ci ba.

Ga wanda bai san zancen ba, eyabag ɗin nan, balan-balan ɗin da ke fitowa daga sitiyari idan an yi karo, wani kamfanin Japan mai suna Takata ne ya ƙera wa kamfanonin mota da yawa, Honda da Toyota da Nissan da Ford da BMW duk sun saka nashi. Abin da ke hura shi wani sinadari ne, amoniyam naitiret, irin wanda ake takin zamani da shi, to shi wannan sinadarin in ya daɗe yana shan zafi da raɓa sai ya lalace, ranar da aka ɗan yi karo maimakon ya hura jakar yadda ya kamata sai ya tashi da ƙarfin tsiya ya fasa gwangwanin ƙarfen da yake ciki, ɓaraguzan su yi wa direba feshi a fuska da wuya. Karon da mutum zai fito ya kakkaɓe riga ya yi ta masifa da ɗan adaidaita, sai a ɗauko gawa. Mutum sama da 30 ya kashe a duniya, yawancinsu a Amurka, wasu a Malesiya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne jan ƙafar. Honda ta fara kiran motoci a 2008, kusan 4,000 kacal. Kaɗan-kaɗan ana musu ana ƙari har lissafi ya kai eyabag wajen miliyan 67 a Amurka kaɗai, sama da miliyan 100 a duniya. A 2017 Takata ya amsa laifi a kotu cewa ya murɗe sakamakon gwaji, aka ɗora mishi dala biliyan 1, a shekarar kuma ya durƙushe. Kuma ba shi kaɗai ba ne mai wannan halin, General Motors ma ta shekara kusan goma da sanin makunnin wasu motocinta na kashe inji ana cikin tafiya, sai 2014 ta kira su, daga baya aka amince cewa matsalar ta ci rayuka 124. Kai jama'a.

To amma can Amurka ko ba komai akwai mai ja musu kunne. Kamfani zai aiko maka takarda har gida, ka kai mota wajen dila a canza kyauta. Da kayan gyara suka yi ƙaranci ma sai hukuma ta ce a fara da wurare masu zafi da gumi irin su Fulorida, saboda can abin ya fi saurin lalacewa. Yanzu Edita ka duba zafin Maris da Afrilu a Kano ko Maraɗi, ka duba gumin damina, ka haɗa da watannin da mota ke yi a bakin teku a Legas ko Kwatano. Motocin 2001 zuwa 2003 na Honda da aka ce su ne mafi haɗari har aka ce kar ma a tuƙa su, ai irinsu ne muke ta wankewa muna kai amarya da su. Takardar kuwa tana can tana zuwa adireshin baturen da ya rabu da motar tun shekara goma.

Na ɗauki ƙafa na je wajen masu wakiltar kamfanin motata, ba zan kama suna ba. An karɓe ni da fara'a, har ruwan roba aka ba ni, da na faɗi abin da ya kawo ni sai yaron ya ce Alhaji ai ba a wajenmu ka saya ba, wannan ta kasuwar Amurka ce, sai dai mu yi maka oda ka biya. Na ce to tambarin da ke gaban motar na waye? Ya yi dariya ya ce zai gaya wa manaja. Sati uku ke nan ba kira.

Bakanikena kuma shawararshi ɗaya ce, Oga a cire fis ɗin kawai a huta. Shi ma ban ga laifinshi sosai ba, a garejinsu ya saba ganin motocin haɗari da aka sayo a gwanjo, eyabag ya riga ya fashe an lallaɓa an liƙe murfin an kashe fitilar dashbod, mai saye ya duba fenti da sanyin esi ya biya.

Ni roƙona, tunda lambar casis ɗin nan tana kan takardun kwastam kuma da ita ake rajista, me zai hana kafin a ba mota lamba a duba ko tana da gyaran da ba a yi ba? Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye da 'yan rodsefti su zauna da wakilan kamfanonin nan, duk mai sayar da sabuwar mota a ƙasar nan ya ɗauki nauyin canza wannan abu a tsofaffin da ke ɗauke da sunanshi, tunda kuskuren daga masana'anta ne, ba daga titin Zariya ba. Dillalanmu kuma ku ji tsoron Allah ku riƙa dubawa kafin ku ɗora kan tirela.

Tawa dai tana nan a rufe da tamfol, yara a adaidaita suke tafiya.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano