Wasiƙa zuwa gida: idon Mama da zancen Auta

Baba da Mama,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kiristi. Yaya gida, yaya Sabon Tasha? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai ya shigo, aikin dare kuma jiki ya saba. Yaya, ke za ki karanta masu, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Na tura naira 500,000 ta asusunki. A cire 50,000 zakka, a sa a ambulan a kai coci ranar Lahadi. A ba Zumuntar Mata 20,000 da sunan Mama, 30,000 kuma na baikon EMS ne, ƙungiyar masu kai bishara ta cocinmu ECWA. Sauran 400,000 na idon Mama ne, ba na rufin shago ba, ba na biki ba. Kowa ya zo da ƙoƙon bara a ce masa kuɗin asibiti ne.

Labari ya iso mani cewa Auta ya daina zuwa sujada, ya koma wajen wani mai kiran kansa annabi, har ya kawo man da ake ɗiga wa Mama a ido. Na kwana ban runtsa ba. A daina yau ɗin nan. Yanar ido ce ta rufe mata idon, mai ba ya cire yana, sai dai ya ƙara mata ciwo. A kai ta Asibitin Ido na ECWA a Kano. Ku hau mota a Kawo tun da asuba, ku tafi da shirin kwana. Kafin ku tashi a gwada mata sukari da hawan jini, domin idan sun hau likita zai ɗaga aikin, kuɗin mota ya tafi a banza. Ku ɗauki magungunan da take sha a cikin kwalayensu. Yawanci ido ɗaya ake fara yi, a cire yanar a sa mata wani ɗan gilashi a ciki. Wahalar tana bayan an dawo gida: maganin ɗigawa a kan lokacinsa da hannu wankakke, ba murza ido, ba kwalli, ba ruwan sabulu, ba hayaƙin murhu. Na san Mama, kwana uku za ta koma hura wuta. Yaya, ki ƙwace muciyar. Ranar komawa a duba ta kuma kada a ce ai ta warke.

Ni ya kamata in riƙe hannunta a motar nan. Ku yi mani haƙuri.

Auta, da kai nake. An ce kana cewa cocinmu ba wutar Ruhu. Ka san a kan me aka kafa ta? A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da nufin kawo bishara ƙasar nan. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, nan jiharmu, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake dawowa a 1900, ciwo ya kore shi. Sai a 1902 ƙungiyar mishan ɗinsu, SIM, ta samu wurin zama a Patigi. Daga nan aiki ya bazu har Kwoi da Kagoro, inda kakanninmu suka koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. A 1954 ikilisiyoyin suka haɗu suka zama ECWA, a 1976 SIM ta miƙa mata ragowar ayyukanta. Yau hedikwata tana Jos, ga Jami'ar Bingham a Karu, ga asibitin koyarwa a Jos inda ake yi wa mata masu yoyon fitsari aiki, ga asibitin Egbe, ga kantin littattafai na Challenge. Asibitin da zai buɗe idon uwarka ma nata ne. Wannan ce ba wuta?

Idan da gaske kana jin kira, ban hana ka ba, ni zan biya makaranta. Amma akwai hanya. Ka koma ka zauna ƙarƙashin fastonmu da dattawa, ka riƙe aji a makarantar Lahadi, a ga halinka. Su ne za su ba ka takardar shaida, magana ta hau daga LCB, wato majalisar dattawan cocinmu, zuwa LCC ta cocin yankinmu, zuwa DCC ta gunduma. Wanda ya ɓace wata shida ba dattijon da zai sa masa hannu, nan ne samari da yawa suke tuntuɓe. Sannan ka nemi makarantar tauhidi ta Kagoro, ko ta Jos, ko Igbaja. Kagoro ta fi kusa, mota ɗaya ce daga tashar Television, motar Kafanchan. Bayan karatu ba kai za ka zaɓi wurin aiki ba, tura ka za a yi. A fara ba ka lasisi, naɗi sai an ga shekaru. Idan EMS ka shiga, ka san ƙauye ne, wani wurin ba wutar lantarki ba ruwan famfo, ga ɗan abin hannu da ikilisiyoyi ke tarawa. Ka tambayi Kawu, ya yi shekaru a ciki.

Baba, don Allah kada a yi masa tsawa a gaban mutane, a kira shi ɗaki.

Yaya, ki ajiye kowane rasit ki ɗauki hotonsa ki turo mani ta WhatsApp. Kuɗin ido na ido ne, na sake faɗa. Idan bai isa ba ki gaya mani kafin ƙarshen wata, kada ki ci bashi. Wanda zai zo nan a watan gobe, a ba shi daddawa da kuka da Littafin Waƙoƙina mai baƙin bango, yana cikin akwatin ƙarƙashin gado.

A gaida Gwaggo da yara da 'yan kwaya.

Ɗanku