Wasiƙa kan ɓargo da taimus, inda limfosait ke girma

Assalamu alaikum, abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, aikin koyarwa kuma yana tafiya daidai. Saƙonka ya iso. Ka ce ɗalibanka sun ɗauka a kaluluwa da saifa ake samar da ƙwayoyin limfosait, wato fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, nau'in B da nau'in T. Ka gyara musu tun da wuri: can ne suke haɗuwa da ƙwayoyin cuta su yi aiki, amma haihuwarsu da girmansu a ɓargo ne da taimus, wata ƙaramar gaɓa a cikin ƙirji.

Ɓargon da ake nufi shi ne ja, ba mai kitsen nan na tsakiyar dogon ƙashi ba. A jikin babba yana ƙashin ƙugu, ƙashin ƙirji, haƙarƙari, ƙashin baya da ƙoƙon kai. A jariri kuwa kusan kowane ƙashi yana da shi. Daga uwar ƙwaya iri ɗaya duk ƙwayoyin jini ke fitowa. Ƙwayar B tana yin mafi yawan girmanta a nan: sinadaran RAG1 da RAG2 suna yanka gutsattsarin ƙwayoyin gado (DNA) su sake haɗa su, sai kowace ƙwaya ta fito da nata makamin gane cuta, daban da na 'yar'uwarta. Wadda ta kama naman jikin mai ita, ko ta gyara makamin ko ta mutu.

Taimus ne nake so ka fi daɗewa a kansa, don shi aka fi mantawa. Yana bayan ƙashin ƙirji, gaban zuciya, kashi biyu. Nauyinsa wajen giram 15 ne a haihuwa, ya kai 30 zuwa 40 lokacin balaga, daga nan ya riƙa komawa kitse. In aka kwatanta da girman jiki, a jariri ya fi girma, shi ya sa inuwarsa ke fitowa babba a hoton ƙirjin jariri. Kada wani ya firgita uwa da zancen ƙari. Sai a 1961 masanin kimiyya Jacques Miller ya nuna amfaninsa a Landan: ya cire shi daga jariran ɓeraye, suka rame, cuta ta yi ta kama su, jikinsu ma ya kasa ƙin fatar wani ɓeran da aka dasa musu.

Ɗanyun ƙwayoyi suna zuwa taimus daga ɓargo ta jini, su fuskanci jarrabawa biyu. A ɓangaren waje, dole ƙwaya ta iya gane alamar MHC, wato tambarin da ƙwayoyin jikin mutum ke ɗauke da shi; in ta kasa, ta mutu. A tsakiya kuma ana nuna mata samfurin sassan jiki, har da insulin, ta hanyar ƙwayar gado mai suna AIRE. Wadda ta kama su da ƙarfi a kashe ta, ko a mayar da ita mai tsawatar wa sauran. Fiye da kashi 95 cikin 100 ba sa fita da rai. Waɗanda suka tsira su ne ƙwayoyin T masu alamar CD4 ko CD8.

In RAG ya lalace, ba T ba B, wato wani nau'in SCID, rashin garkuwar jiki mai tsanani da ake haifar yaro da shi: jariri da farin baki mai naci, gudawa, rashin ƙiba tun watannin farko. Irin wannan yaro ba a yi masa BCG (rigakafin tarin fuka) ko ɗigon shan-inna, don ƙwayoyin da ke cikinsu masu rai ne. Maganinsa dashen ɓargo, kuma ya fi kamawa kafin wata uku da rabi. Ka jaddada musu cewa ciwon ba kasafai ake ganinsa ba, ba hujja ba ce ta hana lafiyayyen yaro rigakafi. In kuwa B kaɗai ta tsaya saboda lalacewar ƙwayar gado mai suna BTK, yara maza ciwon yake kamawa, ciwon kunne da huhu su fara maimaituwa bayan wata shida, lokacin da kariyar da aka samu daga uwa ta ƙare.

Abin da ɗalibanka za su fi gani a asibitocinmu shi ne tamowa. Yunwa mai tsanani da ƙarancin sinadarin zinc suna ƙanƙantar da taimus, T su ragu, har yaro ya ɗauki cuta mai nauyi ba tare da zazzaɓi ba. Don haka ake ba irin wannan yaro maganin kashe ƙwayoyin cuta tare da abincin jinya ko da jikinsa bai yi zafi ba. Taimus yana farfaɗowa, amma a hankali, bayan nauyin jiki ya riga ya dawo, saboda haka a ci gaba da bibiyar yaron bayan sallama.

Ka gaishe mini da mutanen gida, ka shafa kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Abokinka