Abba, ga abin da na gani a shafinka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da yaran shago. Mu nan Bauchi lafiya lau, sai zafi.

Ƙanwarka ta buɗe mini shafin intanet ɗin da ka ce an yi wa shagon ɗinkinka. Na yi murna, Allah Ya sa albarka. Amma ka ce wata uku ke nan bai kawo maka ko mutum ɗaya ba, shi ya sa na zauna na dube shi da idon mai saye. Ni ban san kwamfuta ba, amma na yi shekara talatin ina sayar da yadi a Kasuwar Wunti, na san abin da ke tsayar da mai wucewa.

Da farko dai shafin ya ƙi buɗewa. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa har na shanye shayina. Ta ce hotunan ne suka yi nauyi. Abba, masu sayenka da waya suke shiga, da datar da suka saya da guminsu, wani ma a inda sabis ke rawa. Ka sa a rage nauyin hotunan nan. Da ya buɗe kuma, sai ga dogon Turanci a kan tarihin shagon. Wa ya tambaye ka? Mutum kaftani ya zo nema. Layin farko ya faɗi abin da kake ɗinkawa, da cewa kana Jekadafari a Gombe, da kwana nawa ɗinki ke ɗauka. Ka rubuta da Hausa, Turancin ya biyo baya.

Abin da ya fi ɓata mini rai hotunan ne. Waɗancan samarin masu sheƙi ba kai ka ɗinka musu kaya ba, a intanet aka kwaso su, kuma duk mai ido zai gane. Alhali babbar rigar da ka yi mini bara, a filin Idi mutum uku suka tambaye ni telan. Ina hotonta? Ka rataye aikinka a ƙofar shago da hantsi, ka ɗauka, ka matso kusa a ga zaren aikin wuya da bakin aljihu. Saye ta waya cinikin biri a sama ne, mutum na tsoron a damfare shi. Kai ne za ka sauko masa da birin ya gani.

Sannan ka sa farashi. Na san abin da za ka ce, wai sauran teloli za su gani. Su gani mana, ai sun riga sun sani. Wanda bai sani ba shi ne mai kuɗin, kuma da yawa kunyar tambaya suke ji, kada a faɗa su kasa. Ko cewa ka yi ɗinki ya fara daga kaza, ya wadatar.

Yanzu in faɗa maka abin da na yi, kada ka ji haushi. Lambar wayarka sai da muka gangara can ƙasa muka same ta. Na ari wayar maƙwabcinmu na aika maka saƙo bayan la'asar kamar baƙo, na ce ina son kaftani biyu. Sai washegari da azahar aka amsa, da kalma ɗaya: "Akwai." Ba sallama, ba tambayar awo, ba wane yadi. Da a Wunti ne yaron shagona ya yi wa baƙo haka, da ranar ya bar aiki. A sa madannin WhatsApp a sama inda babban yatsa zai same shi, ka ɗora wa yaro ɗaya alhakin amsawa, kuma ya yi gaisuwa kamar mutum ne tsaye a gabansa.

Batun kuɗi, tun ƙarancin takardun naira na 2023 mutane suka saba da taransifa, har dattawa irina. Sai dai idan sunan shago daban, sunan asusun daban, hannu yakan tsaya. Ka yi wa sunan shagon rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusu da shi. Ka rubuta nawa ne kafin alƙalami, da yadda kake aika kaya ta tasha zuwa Bauchi ko Yola, da wanda zai biya kuɗin mota.

Shafi kuma ba ya kiran kowa da kansa. Ka sa shagon a taswirar Google, ka buga adireshin shafin a ledar da kake saka ɗinki, ka roƙi tsofaffin kwastomominka su rubuta kalma biyu a kan aikinka, da izininsu ka saka.

Duk wannan ka gama shi kafin Sha'aban ya raba, domin da azumi ya kama ba ka da lokacin ɗaga kai daga keke. Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce a turo mata jikokinta hutu. Rigar tana nan, in direban ranar Asabar zai zo sai in ba shi ya kai maka ka ɗauki hoton, amma a dawo mini da ita.

Mahaifinka,
daga Bauchi