Wanda ya danne gadon marainiya ne gwarzonku?

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, na rubuto ne kan shirinku na tarihi na daren Lahadi, don har yanzu raina bai huce ba. Baƙonku ya yi ta kiran Sarki Frederick na Furushiya gwarzo, amma da aka zo kan Mariya Teresa sai ya ce wai ɗora mace a gadon sarautar Ostiriya ne ya jawo yaƙi. Mai gabatarwa ya yi dariya ya wuce. Haba Malam!

Tun 1713, kafin ma a haife ta, ubanta Sarki Charles na Shida ya kafa doka cewa ba za a raba ƙasashen gidansu na Habsburg ba, kuma in babu namiji 'ya mace ta gada. Ya ƙare rayuwarsa yana bin sarakunan Turai su amince, har kamfaninsa na cinikin teku da ke Ostend ya rufe don Ingila ta yarda. Uban Frederick ɗin ma ya amince. Sarki Charles ya rasu a Oktoban 1740, ya bar yarinya 'yar shekara 23 da juna biyu, baitulmali kuma ƙaƙaf. Wata biyu kacal Frederick ya cika Silesiya, wani yanki na ƙasarta, da sojoji, sannan ya aika mata cewa ta bar masa yankin, shi kuma zai kare ta daga maƙiya. Wannan shi ne gwarzon?

Ni na san irin wannan kariyar. Mahaifinmu ya rasu ya bar mu mata zalla. Yana kwance ya tara 'yan'uwansa gaban liman, ya nuna musu takardun gida da na gonar fadama, ya ce su ji tsoron Allah su ba 'ya'yansa rabon da shari'a ta yanka musu. Kowa ya ce ya ji. Ko sadakar arba'in ba a yi ba baffanmu ya kafa turaku a fadamar, ya zuba albasa, wai riƙe mana zai yi tunda mata ba sa noma. Yayarmu ta yi ta zarya gaban alƙali da goyo a baya, dangi na cewa ta raba zumunci. Babu wanda ya ce baffa ne ya raba. Abin da baƙonku ya yi wa Mariya Teresa ke nan, ya bar mai laifi ya kama wadda aka zalunta.

Me ya hana ya faɗi cewa a fagen Mollwitz, a Afrilun 1741, gwarzon nasa ya sukwani doki ya bar fage, sai janar ɗinsa Schwerin ne ya ci yaƙin? Me ya hana ya faɗi cewa ita da kanta ta tsaya gaban manyan Hungari a Pressburg, Bratislava ta yanzu, ta nemi sojoji kuma suka ba ta? Sarkin Babariya, wanda Faransa ke mara wa baya, ya ƙwace mata birnin Prague, amma a Fabrairun 1742, lokacin da ake naɗa shi sarkin daular Roma Mai Tsarki a Frankfurt, dakarunta suna shiga Munich, garinsa. Gaskiya ne Silesiya ta tafi, yarjejeniyar 1748 ta bar wa Furushiya ita. Sauran yawancin ƙasarta kuwa ta riƙe, ta yi shekara 40 a kan mulki. Duk wannan bai sami ko minti ɗaya a bakinsa ba, alhali 'ya'yana mata suna zaune kusa da rediyo suna ji. Ku gayyato wani masanin ya gyara wannan magana.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sa wa ƙarƙashin muryar mai magana, yana danne sunaye da shekaru. Layin wayar da kuke bayarwa ma kullum a cike yake, mutane ƙalilan ne kawai muke ji kowane mako.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Zariya