Aikin mai ɗaukar hoton labarai ya wuce danna maɓalli

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ce wani abu kan matan da ke ɗaukar hoton labarai, don mutane da yawa sun ɗauka danna maɓalli ne kawai.

Wadda ta san aikin, kyamara biyu take ratayawa, ɗaya da gilashin gaban kyamara (lens) mai lamba 24-70 na abin da ke kusa, ɗaya da 70-200 na nesa. In ta tsaya canja gilashi, abin ya wuce ta, ƙura kuma ta shiga cikin kyamarar. In jama'a na gudu, saurin ɗauka kada ya gaza 1/500 na daƙiƙa, in ba haka ba hoton ya fito dishi-dishi.

Wahalar tana bayan an dawo. Cikin ɗaruruwan hotuna za ta tsamo kamar goma, ta rubuta wa kowanne bayani: wane ne, a ina, yaushe, me ake yi. Shi ya sa za ka gan ta da ɗan littafi tana tambayar mutum yadda ake rubuta sunansa. An yarda ta ɗan gyara haske, amma cire wani abu ko ƙara shi, ko kusa ba a yarda ba. A 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto don ya goge kyamarar abokin aikinsa daga hoton da ya ɗauka a Siriya.

Mace tana shiga inda namiji ba ya shiga, kamar ɗakin haihuwa, kuma a can ma sai ta nemi izini kafin ta ɗaga kyamara. Haɗarin kuwa bai san mace ba. Anja Niedringhaus, Bajamushiya mai ɗaukar hoto ta AP, ita kaɗai ce mace cikin tawagar da ta ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar aikin jarida ta Amurka, a 2005 kan yaƙin Iraƙi. Wani ɗan sanda ya harbe ta a lardin Khost na Afganistan ranar 4 ga Afrilu, 2014, tana rakiyar kayan zaɓe.

Roƙona, in kun buga hoto, ku riƙa sa sunan wadda ta ɗauka a ƙasansa. Da wannan sunan take samun aiki na gaba.

Wassalam,
Wata mai karanta jaridarku