Editan Da Ya Ciyar Da Jaridarsa Da Labaran Wani Fada

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in kawo wa masu karatu labarin wani ɗan jaridar Ingila, Gilbert Keith Chesterton, wanda aka haifa a Landan a 1874, ya rasu a garin Beaconsfield a 1936. Duk lokacin da na ji ana kukan cewa jarida ta zama 'yar amshin shatan mai kuɗi, wannan mutum nake tunawa, domin ya shekara 11 yana riƙe da jaridar da ba ta kawo masa riba, yana cike giɓinta da gumin alƙalaminsa.

Na fara cin karo da sunansa a ɗakin karatun makarantarmu ta sakandare, a jikin wani tsohon littafi da gara ta ci gefensa. Labarai ne na Fada Brown, wani gajeren limamin Katolika mai yawo da tsohuwar laima, wanda kallo ɗaya za ka yi masa ka raina shi, amma yana gano mai kisan kai saboda sanin halin ɗan Adam da ya samu wajen sauraron masu iƙirarin zunubi. Sai daga baya na san cewa marubucin ya ɗauki kansa ɗan jarida ne kafin komai. Makarantar zane ta Slade ya yi, bai fita da digiri ba, ya yi aiki a kamfanin buga littattafai, sannan ya shiga rubutu a Daily News. Daga 1905 har rasuwarsa yana da fili na mako-mako a Illustrated London News, kuma abin da ya bari ya kai maƙala kusan 4,000 da littattafai wajen 80. Tun yana matashi ya nuna ba ya bin yarima a sha kiɗa, domin lokacin da Ingila ta rikice da murnar yaƙin da take yi da Boer, wato Turawa 'yan asalin Holan da suka zauna a Afirka ta Kudu (1899 zuwa 1902), shi suka ya yi ta yi. Wata maƙalarsa ta 1909 kan 'yancin Indiya ta burge Gandhi har ya kai ta ga masu karanta jaridarsa.

Kujerar edita kuwa gadonta ya yi. Ƙanensa Cecil ne ke riƙe da New Witness, jaridar da ta dage kan badaƙalar Marconi, inda aka zargi wasu ministoci da sayen hannun jarin kamfanin sadarwa na Marconi na Amurka a daidai lokacin da takwaransa na Ingila ke karɓar kwangilar gwamnati. A 1913 kotu ta samu Cecil da laifin ɓata suna, ta ci shi tarar fam 100. Da ya tafi fagen daga na Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1916, sai wansa ya karɓi aikin, kuma Cecil bai dawo ba, ya rasu a Faransa a ƙarshen 1918. Jaridar ta durƙushe a 1923, amma a 1925 Chesterton ya tashe ta da sabon suna, G.K.'s Weekly.

A nan ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami yake. Ra'ayin jaridar shi ne dukiya ta watsu a hannun jama'a, kowane magidanci ya mallaki gonarsa ko shagonsa, kada ta taru a hannun 'yan jari-hujja, kada kuma gwamnati ta haɗiye ta. Taken da suke yawan rerawa shi ne eka uku da saniya guda. Jaridar da ke faɗin haka ba ta da abin da za ta ja hankalin attajiri da shi, saboda haka kullum cikin rashin kuɗi take. An ruwaito cewa idan sakatariyarsa ta shaida masa asusu ya yi ƙasa, sai ya zauna ya tsara sabon labarin Fada Brown, a sayar wa mujalla, a rufe ɓarakar. A ganina wannan ya fi littattafansa duka bayyana ko shi wane ne.

Abin mamaki, ya ƙirƙiro wannan fada tun 1910, shekara 12 kafin shi kansa ya shiga ɗariƙar Katolika a 1922, kuma limamin da ya karɓe shi, Fada John O'Connor, shi ne wanda ya kwaikwayi halinsa wajen gina tauraron labarin. A ƙasar da akasarin mutanenta ke bin cocin Angilika a wancan zamani, wannan mataki ne mai nauyi, ga shi matarsa Frances ba ta biyo shi ba sai a 1926. Duk da haka bai yanke zumunci da masu saɓa masa ba. Shi da marubucin wasan kwaikwayo Bernard Shaw sun yi ta kai ruwa rana a muhawara gaban jama'a, suna tashi kuma abokai ne.

Ba zan rufe wa masu karatu aibinsa ba. Rikicin Marconi ya bar masa ɗaci, ya rubuta maganganun ƙyamar Yahudawa da ba su da kariya, kuma suna cikin dalilan da bishop na Northampton ya bayar a 2019 na ƙin buɗe binciken ɗaga shi zuwa matsayin waliyyi. Haka nan a ƙagaggen labarinsa na 1914, The Flying Inn, ya yi wa Musulunci kwatancin wanda ya ji daga nesa, kuma Musulmin da ya karanta zai ga son rai ƙarara. Ina ganin mai karatu yana da haƙƙin ya san wannan tare da wancan.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka ware fili ko da sau ɗaya ne a wata domin tarihin editoci, a faɗi inda suka samo kuɗin buga jaridunsu da abin da hakan ya hana su ko ya ba su damar faɗa. Idan za a fara, a fara da namu, Alhaji Abubakar Imam, wanda shi ma ya haɗa aikin edita a Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 da rubutun ƙagaggun labarai.

Naka,
Wani mai karatu, daga Zariya